Waɗannan maganganun da muke ɗorawa a sitatus, labari ɗaya ne fa

Kwanan baya na ga wani ƙanena ya ɗora hoton Albert Einstein a WhatsApp da wata magana a ƙasa, wai "ni ba ni da wata baiwa ta musamman, kawai dai ina da tsananin son sanin abubuwa ne". Maganar gaskiya ce, shi ya faɗa, a wasiƙar da ya rubuta wa Carl Seelig mai rubuta tarihinsa a 1952. Washegari kuma sai ga wani ya ɗora hoton Robert Oppenheimer, masanin da ya jagoranci haɗa bam ɗin nukiliya na farko a Amurka, da hularsa da sigarinsa, a ƙasa an rubuta "yanzu na zama Mutuwa, mai rugurguza duniyoyi". Waccan ana ɗora ta ne don ƙarfafa gwiwar ɗalibai, wannan kuma don tana da nauyi a kunne, amma abin da ya tsaya min a rai shi ne yawancin masu yaɗa su ba su san cewa maganganun nan biyu ɗan Juma ne da ɗan Jummai ba, zare ɗaya ne ya ɗinke su, kuma tsakanin ta farko da ta biyu akwai garuruwa biyu da suka ƙone da mutanensu a ciki. To wannan zaren nake so mu bi sannu a hankali.

Mu fara da son sanin. Einstein da kansa ya ba da labarin cewa yana ɗan shekara 4 ko 5 mahaifinsa ya nuna masa kamfas, wannan ɗan abin mai allura da ke nuna arewa, sai ya ga duk yadda ya juya shi allurar nan tana komawa inda take ba tare da hannun kowa ya taɓa ta ba, ya ce tun lokacin ya ji a jikinsa lallai akwai wani abu ɓoyayye a bayan abubuwan da ido ke gani. Duk gidan da ke da yara an san wannan halin. Akwai wani yaron yayata da in ka ajiye tocila minti biyar za ka dawo ka tarar da ita a warwatse a kan tabarma, batir gefe, gilashi gefe, ɗan sifirin nan yana riƙe da shi tsakanin yatsu biyu yana matsawa yana saki, ka yi masa magana ma ba ya jin ka, hankalinsa ya tafi. Ba ɓarna yake nufi ba wallahi, so yake ya ga daga ina hasken ke fitowa. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma ni ina nan kan wannan, duk al'ummar da take bugun bakin yaro mai tambaya to za ta daɗe tana sayen kayan wasu.

Sai dai son sani ba shi da birki na kansa. Shi abin da ya sani kawai shi ne "me zai faru in na yi kaza", ba ruwansa da "wa zai ƙwaru". A ƙarshen 1938 masana a Jamus, Otto Hahn da Fritz Strassmann, suka gano cewa ƙwayar zarra ta yuraniyom tana iya tsagewa gida biyu, Lise Meitner da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch suka yi bayanin abin da ke faruwa. Babu wanda a cikinsu ya fita neman makami, bin diddigi ne kawai irin na yaron tocila. Amma cikin 'yan watanni wani masani ɗan ƙasar Hangari, Leo Szilard, ya hango cewa in Hitler ya riga kowa sarrafa wannan abu to duniya ta shiga uku, shi ne ya je ya sami Einstein, aka rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban Amurka Franklin Roosevelt mai kwanan wata 2 ga Agusta 1939, ana gargaɗinsa cewa za a iya haɗa bam mai tsananin ƙarfi da yuraniyom, Einstein ya sa hannu saboda sunansa ne ke da nauyin da za a saurara. Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, Einstein bai taɓa aiki a shirin haɗa bam ɗin ba, hukumomin tsaro ba su ma yarda da shi ba saboda ra'ayoyinsa na siyasa. Sa hannu kawai ya yi. Amma a 1947 ya faɗa wa mujallar Newsweek cewa da ya san Jamusawa ba za su yi nasarar haɗa bam ɗin ba da ko ɗan yatsa bai ɗaga ba. Ka ga wannan maganar ba a cika ɗora ta a sitatus ba, alhali bakin da ya faɗi ta son sani shi ya faɗe ta.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Maganar Oppenheimer ta "na zama Mutuwa" ba tasa ba ce ma tukuna, baiti ne daga littafin addinin Hindu, Bhagavad Gita, kuma ba a filin gwaji aka ɗauke shi yana faɗa ba, a wani shirin talabijin ne na 1965, shekara 20 bayan abin, yake ba da labarin cewa baitin ya faɗo masa a rai a lokacin. Abin da ya gabaci baitin ma ya fi taɓa ni, ya ce mun san duniya ba za ta koma kamar da ba, wasu 'yan kaɗan sun yi dariya, wasu 'yan kaɗan sun yi kuka, mafi yawa sun yi shiru. Da asubar 16 ga Yuli 1945 ke nan, ranar da aka fara gwada bam ɗin a hamadar New Mexico ta Amurka, wajen ƙarfe 5:30, mutane kwance a ƙasa rub da ciki da baƙin gilashi irin na masu walda a hannu, haske ya tashi wanda ya fi na rana tsaka, bayan an je wurin aka tarar yashin ƙasa ya narke ya zama koren gilashi. Mako uku bayan nan, 6 ga Agusta, aka jefa a Hiroshima, 9 ga wata a Nagasaki. Hukumomin Hiroshima sun ƙiyasta mutum wajen 140,000 ne suka mutu a can kafin ƙarshen shekarar, a Nagasaki kuma sama da 70,000.

Amma ni a ganina maganar Oppenheimer da ta fi cancanta a haddace ba wannan ba ce. A 1954 lokacin da gwamnatin Amurka ta zaunar da shi gaban kwamiti tana tuhumar amanarsa, ya faɗi wata magana wadda babu ado a cikinta, ya ce in ka ga abu yana da zaƙi ta fuskar fasaha to kai dai ci gaba kake yi ka aikata shi, sai bayan ka yi nasara sannan a zo ana gardamar me za a yi da shi, ya ce haka aka yi da bam ɗin nukiliya. Zaƙi fa ya ce. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi ɗaci, domin ta nuna ba tsoron Hitler kaɗai ya riƙe mutanen nan a Los Alamos, sansanin sirri da aka haɗa bam ɗin, ba, akwai daɗin aikin kansa, daɗin ka ga lissafin da ka kwana kana yi ya fito daidai, daɗin zama cikin manyan masana ana warware ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Hujja kuwa a fili take, Jamus ta miƙa wuya a watan Mayu 1945, dalilin da aka fara aikin dominsa ya gushe, amma aiki bai tsaya ba, ƙara sauri ma aka yi. Waccan maganar ta Mutuwa tana sa ka ga Oppenheimer kamar wani wanda ƙaddara ta faɗa wa daga sama, ita kuwa ta zaƙin tana nuna maka mutum irina irinka wanda aiki ya yi masa daɗi ya kasa ajiyewa, kuma wannan ya fi ba ni tsoro saboda na san wannan jin, duk wanda ya taɓa ƙwarewa a wata sana'a ya san shi.

To a nan ne batu na uku ke shigowa, wato wa ke da iko da abin da aka ƙirƙira. Masanan nan sun ɗauka tunda su suka haɗa abin to za a tambaye su yadda za a yi da shi. A watan Yuni 1945 wani kwamiti ƙarƙashin James Franck ya rubuta rahoto yana ba da shawarar a fara gwada bam ɗin a wani fili ko tsibirin da babu kowa, a gayyato wakilan ƙasashe su gani da idonsu, gani ya kori ji, kafin a taɓa wani gari. Ba a bi ba. A watan Yuli shi Szilard ɗin nan da ya tayar da maganar tun farko ya zagaya da takardar koke, masana 70 suka sa hannu suna roƙon shugaba Harry Truman kada a yi amfani da shi ba tare da an ba Japan dama a fili ba, takardar ta maƙale a hannun sojoji, Truman bai gan ta ba kafin a jefa bam. Dama aikin na soja ne, Janar Leslie Groves ke riƙe da shi, gwamnati ta zuba kusan dala biliyan 2, kuma wanda ya biya kuɗin ɗinki shi ke sa riga ranar da ya ga dama, tela ba shi da ta cewa. A watan Oktoba na shekarar Oppenheimer ya shiga ofishin Truman ya ce masa yana jin akwai jini a hannunsa, an ruwaito ran Truman ya ɓaci ƙwarai har ya ce kada a sake kawo masa mutumin nan. In ka cire tausayi ka duba, abin da Truman ke nunawa shi ne hukuncin ba naka ba ne tun farko, nawa ne. Daga baya da Oppenheimer ya nuna adawa da gaggawar haɗa bam ɗin haidurojin wanda ya fi wancan muni nesa ba kusa ba, sai aka ƙwace masa izinin ganin sirrin gwamnati a 1954, ba a soke wannan hukuncin ba sai a Disamba 2022, shekara 55 bayan mutuwarsa.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne can nesa. Yawancin yuraniyom ɗin farko da aka yi aikin da shi daga Afirka aka haƙo shi, mahaƙar Shinkolobwe a Kwango lokacin tana hannun Beljiyam. Kuma da Faransa ta fara gwada nata bam ɗin a Fabrairu 1960 a Reggane ta yi, cikin Saharar Aljeriya, hamadar nan dai da iskar hunturu ke taso mana da ƙura daga cikinta, abin da ya kai Najeriya ta gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961.

Wanda ma ya fi kusa da mu shi ne Mikhail Kalashnikov, wanda ya ƙirƙiro bindigar AK-47. Duk wanda ke Zamfara ko Katsina ko Borno ba sai an yi masa bayanin AK-47 ba, akwai ƙauyukan da yara ke gane ƙararta cikin dare. Shi mutumin sojan tankar yaƙi ne na Tarayyar Sobiyet, aka ji masa rauni a 1941 lokacin da Jamusawa suka mamaye ƙasarsu, yana jinya ya fara tunanin ƙera wa sojojinsu bindigar da ba ta da wahalar sarrafawa kuma ba ta cijewa ko ta sha laka da yashi. Ka ga niyyarsa kare gida ce. Amma wannan sauƙin nata da ya sa ta zama abin alfahari gare shi, shi ne ya sa yaro ɗan shekara 14 zai iya koyon kwance ta da ɗaura ta cikin yini guda. Ana ƙiyasta akwai wajen miliyan 100 na irinta a duniya, ƙasashe da dama suna ƙera ta, shi kuwa ba shi da ikon hana ko guda ɗaya fita, mallakar gwamnati ce tun ranar farko. Shekaru da yawa in an tambaye shi sai ya ce shi barcinsa yake yi lafiya lau, laifin na 'yan siyasa ne da suka kasa sasantawa. A 2002 a Jamus sai ga shi yana cewa da ma wata na'ura ya ƙirƙira da za ta taimaki manoma, kamar injin yankan ciyawa. Sannan da tsufa ya kama shi sosai ya rubuta wa shugaban cocin Otodoks na Rasha, Kirill, wasiƙa, jaridar Izvestia ta buga ta a Janairu 2014 bayan ya mutu a Disamba 2013 yana da shekara 94. A ciki ya ce raɗaɗin da ke ransa ya fi ƙarfin juriya, tambaya ɗaya ke ta dawo masa wadda ya kasa amsawa, in bindigarsa ta ɗauki rayukan mutane, shin shi ma yana da alhakin mutuwarsu? Duba tafiyar nan da kyau, daga "barcina nake yi" zuwa "na kasa jurewa", mutum ɗaya ne fa. Ni ban ga wannan a matsayin munafunci ba, gani nake amsar farko ta bakin ma'aikacin gwamnati ce, ta ƙarshen kuwa ta dattijon da ya hango kabari ce.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da taɓa wannan ƙullin, shi ya sa za ka ji an hana sayar da makami lokacin fitina, ko sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa, duk da cewa inabin kansa halal ne. Wato ba a yarda mutum ya ce "ni dai sana'ata na yi" ya wanke hannu ba matuƙar ya san inda abin zai je. Kuma cikin addu'o'in Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, akwai neman tsari daga ilimin da ba ya amfani. Da ina yaro na ɗauka ana nufin ilimin banza kawai, yanzu nake ganin har da ilimi mai ƙarfi wanda ya kuɓuce daga hannun mai shi.

A ɓangaren masu waƙa da fim ma rigimar ɗaya ce, sai dai can ba rayuka ake ƙirgawa kai tsaye ba. Mawaƙin Amurka Prince a shekarun 1990 har rubuta kalmar "bawa" ya riƙa yi a kumatunsa saboda kamfanin Warner Bros ne ke da mallakar asalin faifan waƙoƙinsa, yana cewa in ba kai ke mallakar asalin faifanka ba to mai faifan ne ke mallakarka, sai 2014 ya samu suka dawo hannunsa. Duk marubucin da ya taɓa sayar wa furodusa labari ya zo ya ga an juya ƙarshen ya san wannan zafin. Misalin da ya haɗa batun tashin hankali da ikon mai ƙirƙira wuri guda kuwa shi ne na darakta Stanley Kubrick, wanda bayan fim ɗinsa A Clockwork Orange na 1971 ya jawo ce-ce-ku-ce a Birtaniya, ana danganta wasu laifukan matasa da shi, har iyalinsa suka fara samun barazana, sai ya sa aka janye fim ɗin daga sinimomin ƙasar, bai dawo ba sai bayan mutuwarsa a 1999. Ya iya yin haka ne saboda yana da girman da kamfani ke jin maganarsa, kuma fim abu ne da ake iya mayarwa akwati a rufe. Bam da bindiga kuwa zarar bunu ne, in sun fita sun fita.

Shi ya sa duk cikin mutanen nan wanda na fi girmamawa ba shi da wata magana da ta yi tashe a intanet. Sunansa Joseph Rotblat, masanin kimiyya ɗan asalin Poland, Bayahude, matarsa ta maƙale a can da yaƙi ya ɓarke kuma ba ta tsira daga hannun 'yan Nazi ba, ka ga in akwai wanda ke da dalilin son a gama bam ɗin nan to shi ne. Yana Los Alamos yana aiki. Ya ba da labarin cewa a 1944 wajen cin abincin dare ya ji Janar Groves yana cewa ainihin manufar bam ɗin ita ce a rusunar da Rashawa, a lokacin kuwa Rashawan abokan yaƙinsu ne suna mutuwa dubbai a fagen daga. Da ƙarshen shekarar ya tabbata Jamus ba ta kusa da haɗa nata ba, sai ya ce shi fa dalilin da ya kawo shi ya ƙare, zai tafi. Jami'an tsaro suka yi ta zarginsa da leƙen asiri, aka bar shi ya tafi bisa sharaɗin ba zai faɗa wa abokan aikinsa dalilinsa ba. Abin da Rotblat ya gane, wanda sauran ba su gane ba sai da aikin gama ya gama, shi ne ikon mai ƙirƙira yana nan ne kawai muddin abin bai kammalu ba, muddin ana buƙatar ƙwaƙwalwarsa da hannunsa. Ranar da ya miƙa, daga nan sai roƙo da takardar koke da da-na-sani, ita kuwa ƙeya ce. Na san wani zai ce ai tafiyarsa ba ta hana komai ba, an jefa bam ɗin dai, kuma gaskiya ne ba ta hana ba, mutum ɗaya ne cikin dubbai. Amma wannan hujjar ta "in ban yi ba wani zai yi" ita ce ta riƙe kowa a kujerarsa har aka gama, kuma ita ce dai ake ji yau a bakin masu gasar ƙera ƙirƙirarriyar basira da jirage marasa matuƙa.

Rotblat ya koma Ingila ya juya iliminsa zuwa aikin likitanci, ya yi shekaru a asibitin St Bartholomew's da ke Landan yana binciken yadda tururin nukiliya ke taɓa jikin ɗan Adam da yadda za a yi magani da shi, wato son sanin bai mutu ba, alƙibla kawai ya sauya masa. A 1955 Bertrand Russell ya rubuta wata sanarwa ta gargaɗin duniya kan yaƙin nukiliya, Einstein ya sa mata hannu kwanaki kaɗan kafin ya mutu a 18 ga Afrilu, aka karanta ta a Landan ranar 9 ga Yuli, mutum 11 ne suka sa hannu kuma Rotblat ne ƙaraminsu. A cikinta ne aka ce ku tuna ku 'yan Adam ne, ku manta da sauran. Daga nan aka kafa tarukan Pugwash a 1957 inda masanan Amurka da na Sobiyet ke zama su yi magana a lokacin da gwamnatocinsu ba sa ga maciji da juna, Rotblat ya riƙe wannan aikin shekara da shekaru, a 1995 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya shi da ƙungiyar, shekara 50 cif bayan Hiroshima, yana ɗan shekara 87, kuma da ya tashi jawabin karɓar kyautar a Oslo da wannan jimlar ta 1955 ya rufe.